Jiragen Ruwan Da Suka Ci Sunan Kogunanmu

Duk wanda ya saba bi ta Kakuri a nan Kaduna ya san yadda masaƙar KTL ta koma kango tun da aka rufe ta a 2002, ma'aikatanta suka yi ta jiran haƙƙinsu har wasu suka koma ga Allah ba su karɓa ba. To mai karatu, irin wannan ƙarshen ya sami wata dukiyar ƙasar nan da mu 'yan tudu ba mu cika tunawa da ita ba, wato jiragen ruwanmu na dakon kaya.

A 1959 aka kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, tare da kamfanonin Turawa biyu, Elder Dempster da Palm Line, kafin gwamnati ta saye hannayen jarinsu a 1961. Cikin jiragen farko har da mai suna Dan Fodio, da Oduduwa, da King Jaja. A wancan lokacin matuƙanmu sun ɗauka kakarsu ta yanke saƙa, domin kuwa a shekarar 1959 ɗin ne 'yan Nijeriya da ke aiki a jirgin Apapa na Elder Dempster suka yi yajin aiki a Libaful ta Ingila saboda wariyar launin fata. Ga shi yanzu za su hau jirgin gida.

Da kuɗin man fetur suka zauna, a 1977 gwamnatin Obasanjo ta ba da kwangilar ƙera sababbin jirage 19 a Koriya ta Kudu da Yugoslabiya. Aka raɗa musu sunayen koguna, akwai River Rima, da River Gurara, wanda ya ci sunan kogin nan da ya ratsa kudancin jiharmu.

Sai dai kash! Jirgin ruwa tamkar doki ne, ko yana tafiya ko yana ɗaure sai ya ci. Ga mai, ga gyara, ga fenti don gishirin teku kada ya cinye ƙarfe, ga kuɗin tasha. A daidai lokacin kuma duniya ta karkata ga manyan jiragen kwantena, namu suka soma zama tsohon yayi. Naira ta faɗi bayan 1986, alhali kayan gyara da dala ake sayensu, ga kuma sakacin shugabanni. A watan Fabrairun 1989 River Gurara ya nutse kusa da gaɓar Fotugal, ma'aikata da dama suka rasu.

Daga nan sai bashi ya taso. A farkon shekarun 1990 masu bin kamfanin kuɗi suka riƙa kai ƙara kotu, ana tsare jiragen a tasoshin ƙasashen waje. Nan fa wahalar ma'aikata take. A dokar teku, albashin ma'aikaci a wuyan jirgin kansa yake rataye, in an yi gwanjonsa a cire a biya shi. Saboda haka mutum ba ya son sauka ya bar jirgin, yana tsoron haƙƙinsa ya bi ruwa, ba shi kuma da kuɗin komawa gida. Haka zai zauna wata da watanni a ƙasar da bai san kowa ba, abinci na ƙarewa, iyali a gida sun zuba ido. Gaba kura, baya siyaki.

A watan Satumbar 1995, zamanin Abacha, aka rushe kamfanin. Aka kafa wani a madadinsa, Nigeria Unity Line, da jirgi mai suna Abuja, shi ma daga baya aka tsare shi a Sirilanka kan bashi, aka ƙare da sayar da shi.

Tsohon jirgi kuwa makomarsa sananniya ce. Akan kai shi wurare irin su Alang ta Indiya, a jira ruwa ya cika a turo shi kan yashi, lebura su hau shi da wutar yanka ƙarfe, su fede shi kamar sa, a auna a sayar wa masu narka rodi. Abin da 'yan gwangwan ke yi a unguwanninmu ke nan, girma ne kawai ya bambanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ƙarfe yana da mai saye ko ya yi tsatsa, amma wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana goge ƙarfen nan, shi ne aka bari yana yawo da takardu. Tsofaffin ma'aikatan NNSL sun shafe shekaru fiye da ashirin a Legas suna neman fanshonsu, kamar dai 'yan'uwansu na Kakuri. Allah Ya bi wa kowa haƙƙinsa, amin.