Neman aure ta intanet: Yadda ake kare sirri

A al'adar Hausawa, mai neman aure yakan je zance ƙofar gidan su yarinya, sannan magabata su binciki asalinsa da sana'arsa da halinsa kafin a karɓi kuɗin gaisuwa.

Shafukan sada zumunta irin su Facebook da WhatsApp da TikTok sun sauya wannan tsari, domin kuwa yanzu saurayi da budurwa, ko bazawara da mai nemanta, sukan shafe watanni suna hira ba tare da wani nasu ya san da maganar ba.

Haɗarin da ke ciki

Babban haɗarin shi ne bayanan da mutum ke bayarwa da hannunsa: hotuna, da lambar waya, da sunan unguwa, da abin da iyayensa suka mallaka.

A garuruwa irin su Janbako da Talata Mafara da Bakura da Maradun a jihar Zamfara, inda 'yan bindiga suka daɗe suna sace mutane domin neman kuɗin fansa, gaya wa baƙo ranar tafiya ko hanyar da za a bi na iya jefa rai cikin haɗari.

A shekarar 2012, an kashe wata ɗalibar jami'ar jihar Nasarawa a wani otal a Legas, bayan da wasu da ta haɗu da su a Facebook suka gayyace ta. A 2017 kotu ta yanke wa mutum biyu hukuncin kisa a kan lamarin.

Akwai kuma masu yaudarar mutum ya aika hoton tsiraici, sannan su yi barazanar yaɗa shi idan bai biya su ba. A watan Yulin 2024, kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Najeriya saboda irin wannan damfara.

Abin da doka ta ce

Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci ga mai yi wa wani barazana ta intanet ko yin sojan gona da sunansa.

A watan Yunin 2023 kuma, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a.

Sai dai ko an hukunta mai laifi, hoton da ya riga ya bazu ba ya dawowa.

Matakan kariya

Kada a aika hoton da ba a so iyaye su gani, ko da ta hanyar kallo sau ɗaya ce, domin ana iya ɗaukarsa da wata wayar.

Kada a bayar da lambar NIN ko BVN, ko lambobi shida da WhatsApp ke turowa.

A ɓoye hoton shafi daga waɗanda ba a sani ba, a kuma kashe alamar da ke nuna inda mutum yake.

Haɗuwar farko ta kasance a gida, da sanin iyaye ko waliyyi. Wanda ya ƙi zuwa gaban magabata, ko ya fara da roƙon kuɗi, ya riga ya nuna manufarsa.

Wanda aka yi wa barazana kada ya biya. Ya adana saƙonnin, ya sanar da wani babba, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda.