Tiyatar ƙashin baya: Me ya sa likitoci ke komawa karatu?

Tiyatar ƙashin baya na daga cikin ayyuka mafiya haɗari a fannin likitanci, domin kuskure kaɗan zai iya taɓa laka, ya shanye wa mutum ƙafafu har abada.

Kazalika dabarun aikin na sauyawa. A shekarar 1956 likitoci a Hong Kong suka bayyana hanyar kankare ƙashin bayan da tarin fuka ya cinye. A farkon shekarun 1960 Paul Harrington na Amurka ya fito da sandar ƙarfe ta miƙar da karkataccen baya. A yau an fi amfani da kusoshin da ake ɗaurawa a jikin ƙashin.

Don haka likitan da bai ƙaro ilimi ba, zai yi aiki ne da dabarar da aka riga aka wuce.

Inda ake samun horo

A Najeriya, Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma ne ke yaye ƙwararru.

Bayan haka, hukumar kula da likitoci ta MDCN kan buƙaci shaidar halartar bita kafin ta sabunta wa likita lasisi.

A Kano, akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A Ghana kuma akwai asibitin FOCOS na Accra, wanda Dokta Oheneba Boachie-Adjei ya buɗe a 2012, ya kuma yi suna wajen gyaran ƙusumbi mai tsanani.

Amfaninsa ga mutanen karkara

Majinyaci daga Kanya Babba a ƙaramar hukumar Babura, ko daga Roni da Gwiwa, ba ya fara ganin ƙwararre. Yakan fara ne da asibitin kusa, ko kuma mai ɗori.

Shi ya sa bitar ta shafi likitocin Kazaure da Babura su ma. Ciwon baya mai haɗe da zazzaɓi da rama, ko nauyin ƙafafu, ko kasa riƙe fitsari, alamu ne na a tura majinyaci Kano cikin gaggawa.

Idan aka gano tarin fuka na ƙashin baya da wuri, sau da yawa magani kaɗai kan wadatar, ba sai an kai ga tiyata ba.