Mashi da Garkuwa a Hannun Ɗan Dambe

A ƙasar Daura tarihi da ƙarfe ya fara. Labarin da muka gada ya ce Bayajidda ya biya ta Gaya, maƙera suka ƙera masa makami, da shi ya sare kan macijiyar rijiyar Kusugu. Saboda haka idan gardama ta tashi a majalisa kan wa ya fi, mai makami ko mai hannu banza, mu nan Mai'adua muna da abin dubawa a gida kafin mu kai ga fina-finan Sin.

Yaƙin da kakanninmu suka sani na mai makami ne, kuma na mai hali. Barde yana bisa doki da takobi da mashi, ya sa sulke, dokinsa ya sha lifidi. Talaka yana ƙasa da kwari da baka, kibiyarsa da dafi. Bayan jihadi, da Malam Ishaku ya karɓi Daura wajen 1805, sarakunan Haɓe suka koma Zango da Baure, wannan yanki ya zama bakin daga tsakanin Daura da Damagaram. Can Zinder kuwa Sarki Tanimu ya tara bindigogi, har igwa aka riƙa ƙerawa a garinsa. Tun daga nan doki da sulke suka fara rasa daraja. A 1903 bindigar Maxim ta Turawa ta ƙarasa zancen a Kano da Sakkwato, a 1906 kuma Turawan suka mayar da Malam Musa kan gadon Daura. Takobi ya koma kayan adon hawan Sallah da na Gani.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne inda harshen yaƙi ya samu mafaka. Ku saurari 'yan dambe. Hannun da aka naɗe da zare sunansa mashi, wanda ake miƙawa gaba a buɗe garkuwa ne, wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa kuwa an ce ya yi kisa, alhali mutumin zai tashi ya kaɗe ƙura. Wasan mahauta ne tun asali, ana yin sa da kaka, rundawa suna bin gari gari. Bai kuma rabu da ƙarfe ba sai daga baya, domin a da akwai masu ɗaura akayau a ƙafa su yi shuri da shi. Shago da Ɗandunawa sun yi suna ne da hannu, Ɗan Anace yana zuga su kamar masu fita daga.

Kokawa dabam take. Ta manoma ce, babu naushi, babu jini, kayarwa kawai ake nema. A ganinmu ta fi dambe buƙatar dabara, ko da yake ba ta kai shi tara 'yan kallo a wannan ɓangaren iyaka ba. Ƙetare Kwangwalam kuwa ita ce sarauniya. Nijar ta fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya lashe. Kyautar da ake ba zakaran wannan wasa na hannu banza a yau takobi ce.

Tsakanin ɓangarorin biyu akwai 'yan tauri, masu riƙe wuƙa don su nuna ba ta cin su, da sharon Fulani, inda jarumi shi ne wanda ya tsaya aka tsula masa sanda bai motsa ba. Taurin nan ne ya fi damun mu yanzu. A dandali wuƙar tana hannun mai ita, shi ya san inda zai goga ta. A yammacin jihar Katsina kuwa, inda 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka, akwai samarin da ke shiga daji da layu da adda, wasu da bindigar toka, suna fuskantar masu AK-47.