Argungu: bikin da sulhu ya haifa

Jama'a, duk wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu ya san daɗinsa, ya kuma san wahalarsa. Sai dai da yawa ba su san sulhu ne ya haife shi ba. Tun zamanin jihadi Kabawa da Sakkwato ba sa ga maciji. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya gagarumin su don girmama shi. Daga nan abin ya ɗore, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016.

Da an ba da alama, dubban masunta za su ruga Matan Fada da homa da gora, ga makaɗa cikin kwalekwale, ga giwan ruwa ana jawowa. Wallahi abin kallo ne. Amma fa ga rana, ga ƙura, ga turereniya, masauki ya yi tsada, kuma sun da ka yi doguwar tafiya dominsa, kamar awa guda an gama.

Bayan 2009 bikin ya tsaya cak sai 2020. Masu abinci, direbobi da masu masauki su suka ji a jikinsu. Ni dai gara in sha ƙurar da a sake rufe shi.