Neman Maƙeran Kitse a Jikin Ƙuda

Ɗan ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba, wanda masana ke kira Drosophila, ya daɗe a ɗakin bincike. Tun 1910 Thomas Hunt Morgan ya gano mai farin ido a Jami'ar Columbia. Sai dai shekara da shekaru hankalin magabatanmu masu binciken ƙuda yana kan gado da ido da ƙwaƙwalwa, kitse bai dame su ba.

Ganin kitsen kansa ba wuya. Ka feɗe tsutsa, ka ɗiga rinin Nile red, sai ɗigon mai ya yi ta ƙyalli a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Inda gizo ke saƙar shi ne ganin enzayim ɗin da ya ƙera man: ina yake zaune, yaushe yake ƙaruwa. Nan ake buƙatar antibodi, furotin ɗin garkuwar jiki da ke gane abu ɗaya tak ya manne masa.

A 1975 Köhler da Milstein suka fito da hanyar samar da antibodi iri ɗaya wanda ba ya ƙarewa. A 1986 aka kafa rumbun DSHB, wanda yanzu ke Jami'ar Iowa, yana rarraba su da araha. Masu nazarin jijiyoyi sun sha romonsa sosai. Mu masu nazarin kitse kuwa sai kallo, don antibodin da kamfanoni ke yi na enzayim ɗin ɗan Adam da ɓera ne. Ka saya da tsada, ka gwada a ƙuda, ko ya kama ko ya ƙi.

Dole muka koma yin namu. A yi wa zomo allurar guntun enzayim, a jira watanni, a tace jininsa. Ɗan abin da aka samu shi ake aika wa abokan aiki a ƙaramar kwalba cikin ƙanƙara, kuma ranar da ya ƙare, ya ƙare ke nan. Har yau wannan na ci mini rai.

Fagen ya buɗe bayan kammala karanta kundin gadon ƙuda a 2000. A 2002 aka nuna cewa ƙwayar gado mai suna midway ita ce ke samar da enzayim DGAT, mai kammala haɗa kitsen ajiya, kuma idan ta lalace ƙwan macen ba ya nuna. Daga 2013 dabarar gyaran ƙwayar gado ta CRISPR ta ba mu damar liƙa wa enzayim alama kai tsaye, aka rage dogaro da zomo.

Ɗalibin da zai shigo wannan aiki, kafin ka amince da kowane antibodi, gwada shi a ƙudan da aka cire wa ƙwayar gadon da ke samar da enzayim ɗin da kake nema. Idan har yana haske a can, wani abu dabam ya kama, kada ka gina sakamakonka a kansa.