Matan Mubi da Ƙuri'ar Raba Gardama ta 1961

Idan ana zancen 'yancin zaɓe ga matan Arewacin Nijeriya, shekarar da akan ambata ita ce 1976. Wannan maƙala na nuni da cewa akwai wani yanki da matansa suka riga sauran jefa ƙuri'a da shekara 15, sa'an nan aka karɓe damar daga hannunsu.

Mubi tana cikin Arewacin Kamaru ne, wato ƙasar da Jamus ta rasa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila kuma ta riƙe amana. Ko da yake Majalisar Ɗinkin Duniya ke sa ido a kanta tun 1946, a aikace En'e ta Adamawa ke mulkin Mubi daga Yola, bisa dokokin Jihar Arewa. Saboda haka da aka yi ƙuri'ar raba gardama ta farko a Nuwamba 1959, maza kaɗai aka yi wa rajista. Mutum 70,546 suka zaɓi a jinkirta shawara, 42,788 suka zaɓi Nijeriya.

Ba a kan Mubi aka fara hana mata ba. Jam'iyyar NPC mai mulki ta tsaya a kan cewa lokacin zaɓen mata bai yi ba, kotunan En'e kuwa suka zama bulalar duk wadda ta ce uffan. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, jagorar matan NEPU, ta sha duka da kora daga Kano, an kuma ruwaito cewa sau 16 aka ɗaure ta. Laƙabin nata ma abin lura ne ga mai nazarin harshe: kalmar "sawaba", mai nufin sauƙi, ita ce NEPU ta mayar taken neman 'yanci.

Abin da ɗaurin Gambo bai samar ba a Kano da Zariya, matsin lamba daga waje ya samar da shi a Mubi. A Disamba 1959 Majalisar ta yanke cewa ƙuri'a ta biyu ta haɗa duk baligi, mace da namiji. Aka raba yankin da mulkin Nijeriya, aka naɗa Sir Percy Wyn-Harris ya gudanar da shi daga Mubi. A Fabrairu 1961 mata suka bi layi tare da maza. Nijeriya ta samu 146,296, Kamaru 97,659.

Ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya zama Lardin Sardauna, hedikwatarsa Mubi, ya koma ƙarƙashin dokar zaɓen Arewa. Matar da aka amince ta zaɓi ƙasa sai ga shi ba ta isa ta zaɓi ɗan majalisa ba a 1964. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo, wadda ba wanda ya zaɓe ta, ita ce ta mayar musu da ƙuri'ar a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976.