Ranar da Italiya Ta Sallami Gidan Sarauta

A ranar 2 ga Yuni, 1946, mutanen Italiya suka yi dogayen layuka a rumfunan zaɓe, maza da mata, kuma wannan ne karon farko da mata suka jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa baki ɗaya. Takardar da aka miƙa wa kowa tana ɗauke da hotuna biyu, domin da yawa daga cikin masu zaɓen ba su iya karatu ba. A hagu akwai kan wata mace sanye da kambi mai siffar ganuwa, alamar jamhuriya. A dama akwai garkuwar gidan sarautar Savoy da kambin sarki a samanta. Tambayar guda ce: a ci gaba da gadon sarauta, ko a koma zaɓen shugaban ƙasa?

Gidan Savoy ba ƙaramin gida ba ne. A ƙarƙashinsa aka haɗe Italiya ta zama ƙasa ɗaya a 1861. Amma tun kafin nan Giuseppe Mazzini da mabiyansa suke cewa mulki na jama'a ne, kuma haihuwa ba ta isa ta ba mutum ikon shugabantar al'umma ba. An daɗe ana ɗaukar maganar tasu a matsayin mafarki, har sai da Sarki Victor Emmanuel na Uku ya ba su hujja da hannunsa.

A watan Oktoban 1922, 'yan Fasist suka nufo birnin Rum. Firaminista Luigi Facta ya kawo wa sarki takardar dokar ta-ɓaci domin sojoji su tare su. Sarki ya ƙi sa hannu, ya kuma kira jagoransu Benito Mussolini ya damƙa masa gwamnati. Da 'yan Fasist suka kashe ɗan majalisar adawa Giacomo Matteotti a 1924, 'yan adawa sun zuba wa fada ido, sarki ya yi gum. Bayan mamaye Habasha, ya karɓi laƙabin sarkin sarakunan ƙasar a 1936. A 1938 ya sa hannu kan dokokin da suka kori Yahudawan Italiya daga makarantu da aikin gwamnati. A 1940 ya amince aka shiga yaƙi a ɓangaren Hitler.

Abin da ya fi cin ran jama'a ya zo ne a 1943. Ranar 25 ga Yuli, da yaƙi ya juya wa ƙasar baya, sarki ya tuɓe Mussolini, ya sa aka kama shi a harabar gidan sarkin. Ashe ikon yana hannunsa duk tsawon shekaru ashirin ɗin nan. Sannan da asubahin 9 ga Satumba, bayan sanar da tsagaita wuta da sojojin ƙawance, ya sulale daga Rum zuwa Brindisi, ya bar dakaru ba tare da takamaiman umarni ba. Jamusawa suka kwashe sojojin Italiya wajen 600,000 zuwa sansanonin tsare mutane.

Daga nan masu neman jamhuriya, irin su Pietro Nenni da Palmiro Togliatti, suka gina hujjarsu. Shugaban da aka zaɓa, idan ya ci amana, akwai ranar da wa'adinsa zai ƙare, akwai kuma majalisar da za ta tuhume shi. Wanda ya gaji kujera kuwa ba ya jin cewa wani na binsa bashi, kuma babu hanyar kawar da shi sai an rushe tsarin gaba ɗaya. Gado ba ya tantance cancanta: ɗan fari na iya zama jarumi, yana iya zama matsoraci, ƙasa kuma dole ta karɓi wanda ya zo. Suka ƙara da cewa ba za a ce 'yan ƙasa duk daidai suke a gaban doka ba, alhali kujera mafi girma an keɓe ta ga zuriya ɗaya.

Masu goyon bayan sarauta su ma suna da abin faɗa. Sun ce sarki uban kowa ne, ba ya cikin jam'iyya, kuma ture shi a lokacin da 'yan gurguzu ke da ƙarfi kasada ce. Domin ceto gidan, tsohon sarki ya yi murabus ranar 9 ga Mayu, 1946, ya tafi Masar, ya bar wa ɗansa Umberto na Biyu gadon. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Jamhuriya ta samu ƙuri'u kimanin miliyan 12.7, sarauta ta samu miliyan 10.7. Arewa ta zaɓi jamhuriya, kudu ta riƙe sarki, har an zubar da jini a zanga-zangar birnin Naples. Ranar 13 ga Yuni, Umberto ya hau jirgi zuwa Fotugal, bayan sarautar da ba ta kai kwana arba'in ba. Majalisar tsara kundin mulki ta zaɓi Enrico De Nicola, ɗan kudu mai ra'ayin sarauta, ya riƙe ƙasar na wucin gadi, domin a kwantar da hankalin waɗanda suka faɗi. Kundin da ya fara aiki a 1948 ya ba shugaban ƙasa wa'adin shekaru 7, majalisa ke zaɓensa, kuma sashe na 139 ya haramta sauya tsarin jamhuriya.

Jamhuriya ba ta raba Italiya da rikicin siyasa ko cin hanci ba, amma ta cika alƙawarin da ta ɗauka. A watan Yunin 1978, da zarge-zarge suka yi wa Shugaba Giovanni Leone yawa, ya yi murabus, kuma kafin wata guda majalisa ta zaɓi Sandro Pertini, mutumin da ya sha ɗauri a zamanin Mussolini. Ƙasar da sai da ta sha mulkin kama-karya da yaƙin duniya kafin ta rabu da sarki ɗaya, ta sauya shugabanta cikin makonni uku da takardar ƙuri'a.